Kalmar da Aku Ya Haddace

"Auta! Ke Auta!"

Auta ta yar da almakashi ta fito daga ɗaki da gudu, tef ɗin awo rataye a wuyanta. "Na'am, Mama!"

Tsakar gida ba kowa. Mama tana can kicin tana ɗauraye kofuna, ko ɗago kai ba ta yi ba. A ƙarƙashin rumfa kuwa, aku ya karkata kai cikin kejinsa yana kallonta da ido ɗaya, sannan ya yi gyaran murya irin ta Baba.

"Allah ya shirye ka, Rediyo! Yau tun safe kake wahalar da ni!" in ji Auta.

Rediyo shi ne sunan da Baba ya raɗa wa akun, kuma sunan ya bi shi. Tsuntsu ne ruwan toka mai jar wutsiya, ba ya barin komai ya wuce kunnensa. Ya iya ƙarar wayar Yaya, har Yaya ya sha zabura yana laluben aljihu. Ya iya kukan ƙofar banɗaki, da ɗigar famfo, da tsakin Mama, da dirin keken ɗinkin Auta. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba kalma kawai yake ɗauka ba, har da muryar mai ita. Ba kuma kowace magana yake so ba. Baba ya sha zama yana koya masa gaisuwa ya yi banza da shi, amma duk abin da aka faɗa da ƙarfi aka bi shi da dariya ko ihu, to ya shiga kansa ke nan.

Auta ita ce ƙarama a gidan, tela ce, tana ɗinki a ɗakinta. A ƙarshen layin teloli akwai wani saurayi mai gyaran keken ɗinki, kowa Injiniya yake ce masa. Dogo ne mai sanyin hali, hannunsa kullum da baƙin mai. In keke yana tsinka zare ko yana tsallake ɗinki, ya juya shi sau ɗaya ya saurara, ya san inda ciwon yake. Sai dai Allah ya yi shi da in'ina mai nauyi. In kalma ta maƙale masa, sai ya ƙwanƙwasa tebur da gindin sukudireba, ƙwas-ƙwas, kamar yana buga mata ƙofa ta fito.

Wata rana Auta ta je karɓar kekenta. Ya gama gyara tun tuni, amma ya yi ta goge-goge har sauran kwastomomi suka watse. Ya tsaya yana gumi, ya ƙwanƙwasa tebur, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Ina s-s-s-son ki, Auta."

Ba ta yi dariya ba, Allah ne shaida. Sunkuyar da kai ta yi, don ita ma ta daɗe tana kwance notin kekenta da gangan don ta sami dalilin zuwa.

A gida ne aka sami matsala. Baba, wanda yake aiki a maɗaba'a daga safe zuwa yamma, cewa ya yi in mutumin kirki ne ba shi da ja, amma sai uwarta ta yarda. Mama kuwa ta yi tsalle ta dire.

"Duk samarin layin nan ki rasa wanda za ki kawo mana sai wanda kafin ya gama sallama shayi ya huce? Gobe ki haifa min jikoki ina kira suna ƙwanƙwasa min tebur?"

"Mama, mutumin kirki ne wallahi..."

"Kirki za ki yi hira da shi?"

Yaya, yayanta namiji mai shagon sayar da waya, shi ne ɗan zuga. "Auta, ki zama siriyos mana! In gobara ta tashi a gidanku, kafin ya ce wuta ai kun ƙone!"

Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta yi gaba da Yaya, duk a banza. Da an ambaci Injiniya sai Mama ta haɗe rai kamar an zage ta.

Ran nan suna zaune a ƙarƙashin rumfa, Yaya ya tashi yana kwaikwayon Injiniya, yana wani karkace baki da lumshe ido. Haushi ya kama Auta.

"Kai ko kwaikwayon ma ba ka iya ba! Shi ba ya karkace baki. Ba haka yake yi ba."

"To yaya yake yi? Nuna mana, malama!"

Da ta san abin da zai biyo baya, da ta haɗiye harshenta. Ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa faranti, ƙwas-ƙwas. Ta kumbura murya, ta faɗi kalmar nan da aka faɗa mata ita kaɗai a shago: "Ina s-s-s-son ki, Auta."

Yaya ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Mama ta yi dariya har da share hawaye da bakin zane. Auta ma ta ji dariya ta kuɓuce mata, irin tata mai ƙarewa da shaƙuwa.

"Kai, yarinyar nan! Haka ya ce miki? Allah sarki, bawan Allah!" in ji Mama.

Allah sarki! Karon farko ke nan da aka ambaci Injiniya a gidan fuskar Mama a sake. Auta ta lura, ta kuma ce a ranta ta samo hanya. Daga ranar, duk lokacin da Mama ta fara ɗaure fuska, ko Yaya ya ce "Auta, ɗan saka mana fim ɗin nan mana," sai ta ɗauki cokali. In ta koma ɗaki takan ji wani abu yana cizon ta a ƙirji, sai ta lallashi kanta da cewa ai don ita da Injiniya take yi, kuma shi ba zai taɓa sani ba. Dabarar ta yi aiki kuwa. A hankali Mama ta sauko, har wata rana ta ce, "To ki ce masa ya zo ya gaida babanku. Ko ba komai zai riƙa ba mu dariya."

Duk wannan abu, ba wanda ya waiwayi kejin da ke rataye a saman kansu.

Ana saura kwana kaɗan su Injiniya su zo gaisuwa, Auta tana shanya kaya, sai ta ji ƙwas-ƙwas a bayanta. Ta juya. Rediyo ya miƙe wuya ya ce, da muryarta sak, "Ina s-s-s-son ki, Auta!" Sannan ya kwashe da dariyarta, har da shaƙuwar.

Bokitin ya suɓuce daga hannunta.

"Na shiga uku! Rediyo, rufa min asiri! Ce sannu da zuwa. Ce sannu da zuwa mana!"

Ta ba shi gyaɗa, ta roƙe shi, ta yi masa tsawa, ta buga kejin. Ashe ƙara zuga shi take yi, don a wurin aku tsawa ma tafi ne. Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ranar zuwan baƙi ta lulluɓe kejin da tsohon zane ta kai shi sito ta ja ƙofa. Mama da Yaya suka ce ta yi dabara. Baba kam bai san wainar da ake toyawa ba.

Da la'asar Injiniya ya zo tare da kawunsa, dattijon da ya riƙe shi tun yana ƙarami. Ya sa fararen kaya, ya kankare farcensa har ba ka ganin baƙin mai. Aka zauna a falo. Auta ta kawo shayi, ta koma bayan labule ta laɓe kusa da Mama.

Hira ta yi daɗi tsakanin Baba da Kawu, har aka gangaro kan kiwo. Kawu ya ce shi tantabaru yake ajiyewa.

"Ai ni ina da wanda ya fi tantabara!" in ji Baba. "Ina Rediyo ne? Wa ya kai shi sito? Ɗauko min shi."

Yaya ya yi tsuru-tsuru. "Baba, ai... barci yake."

"Barci da rana tsaka? Ɗauko shi ka ji."

Aka ajiye kejin a kan ƙaramin tebur. Rediyo ya yi ƙarar waya, Kawu ya taɓa aljihu, aka yi dariya. Ya yi kukan ƙofa, ya kira Auta da muryar Mama. Auta tana bayan labule tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Har ta fara samun numfashi, sai Baba ya juya ga Injiniya.

"To ɗana, kai ba ka ce komai ba. Me ke tafe da kai?"

Injiniya ya gyara zama. Ya buɗe baki, kalmar ta tsaya. Babu sukudireba a kusa, sai ya kai hannu ya ƙwanƙwasa tebur da ɗan yatsa, ƙwas-ƙwas.

Abin da akun yake jira ke nan.

"Ina s-s-s-son ki, Auta! Ina s-s-s-son ki, Auta!" Dariya ta biyo baya, doguwa, mai ƙarewa da shaƙuwa.

Ba mai buƙatar a gaya masa muryar wace ce. Da sallamar Injiniya akun ya kwaikwaya, da an ce Yaya ne ya ji a hanya. Amma wannan kalma Auta kaɗai ya taɓa faɗa wa ita a duniya. Injiniya bai kalli akun ba. Labulen ya kalla, inda ƙafafun Auta suka leƙo ta ƙasa, ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kawu ya ajiye kofinsa ya miƙe. "Tashi mu tafi. Mun zo neman arziki, ashe gidan kallo muka zo."

Injiniya ya miƙe, amma bai bi shi nan take ba. Ya rusuna a gaban Baba, ya yi ta kokawa da harshensa, hannayensa a dunƙule don kada ya sake taɓa tebur, har ya fitar da ita. "M-m-mun gode, Baba. A-a huta lafiya." Ya sa takalmansa ya fita.

Baba ya juya ya fuskanci labulen. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take, wanda ya fi tsawa ban tsoro.

"Ku fito."

Mama ta riga kowa. "Ka san halin yaron nan da shaƙiyanci, shi ne ya..."

"Ni na haifi yaran nan, na san muryar kowa. Auta, ke ce?"

Ta durƙusa tana kuka. "Ni ce, Baba."

"Sau ɗaya?"

Ta girgiza kai.

"Na sani. Na yi wata da watanni ina koya wa tsuntsun nan gaisuwa bai ɗauka ba. Wannan kuwa har da ƙwanƙwasa tebur." Ya dubi Mama, ya dubi Yaya. "Wato ina can wurin aiki, ku kuna nan kun mai da ɗan mutane abin wasa. Yau na tsufa a gaban baƙo."

Yaya ya zabura. "Baba, sori, wallahi gobe zan kai shegen tsuntsun nan kasuwa!"

"Ka kai shi kasuwa ya je ya faɗa a gidan wasu, duk unguwa ta ji? Me ya yi? Ƙarya ya yi muku? Mai da shi inda yake rataye. Ba mai rufe shi, ba mai taɓa shi. Ku zauna ku saurari kanku."

Haka kuwa aka yi, kuma babu hukuncin da ya kai wannan zafi. Ana cin abinci, cokali ya taɓa faranti, sai Rediyo ya saki. Mama tana salla, sai ya saki. Yakan gama dariyar ya karkata kai yana jiran a taya shi kamar da, ba mai tayawa. Yaya ya koma wuni a shago. Mama ta daina haɗa ido da kowa. Auta ta rame, ta daina bi ta layin teloli, in zare ya ƙare mata sai ta zaga ta bayan kasuwa. Kekenta ya fara tsinka zare da gaske, ta rufe shi da ƙyalle ta koma ɗinkin hannu. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga. Me za ta ce? Kunya ta hana ta ko neman gafara.

Baba ya je wurin Kawu ya ba da haƙuri. Kawu ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce maganar aure a bar ta. "Yaron nan tun yana ƙarami yara ke bin sa suna kwaikwayo. Ban raine shi don in kai shi inda za a ci gaba ba."

Wata safiya Mama ta shigo ɗakin Auta da mayafi a kafaɗa, ta zauna a bakin gado.

"Ni na ja miki. Kin zo min da kuka na ƙi saurara, sai da kika zo min da dariya. Wace irin uwa ce wannan? Tashi ki sa mayafinki."

Suka sami Injiniya a shagonsa, ya kwance kan wani keke yana wanke ƙananan ƙarafa a cikin gwangwanin kananzir. Ya tashi ya ba Mama kujera, ya gaishe ta kamar ba abin da ya faru. Wannan ladabi ya ƙara kashe su da kunya.

Auta ta tsaya a gaban tebur. Duk abin da ta tsara a hanya ya gudu.

"Injiniya, ni... na... don Allah ka... ka..."

Maganar ta maƙale. Ta sake gwadawa, kuka ya tare kalmar. Mama ta yi caraf, "Cewa take ka yafe..."

Ya ɗaga hannu. "B-bar ta, Mama. Ta ƙ-ƙarasa da kanta."

Ya tsaya yana jira. Bai kalli titi ba, bai koma kan aikinsa ba, bai yi murmushi ba. A ɗan wannan lokaci Auta ta ɗanɗani abin da yake sha kullum, magana tana ƙirji, baki ya ƙi, ido yana kanka. Da ƙyar ta fitar da ita, ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, ba ta ɗora wa kowa ba.

Ya goge hannunsa da tsumma a hankali.

"K-kwaikwayo ba ya damuna, Auta. Na s-saba. Yara sun yi, m-malamai ma sun yi." Ya haɗiyi yawu. "Amma w-waccan kalmar, na daɗe ina k-koyon ta. In na rufe shago, ni kaɗai, ina faɗa wa k-kekuna. Ban taɓa faɗa wa kowa ba s-sai ke. Ita ke nan g-gare ni. Ba ni da wata."

Mama ta rufe fuska da mayafi. Auta ta ce, "Ban cancanci wata ba. Yafiya kawai nake roƙo."

"Na y-yafe. S-sauran kuma, ki ba ni lokaci."

Ta ba shi. Ba ta aika kowa ba, ba ta dame shi da waya ba. Da kanta ta je ta durƙusa a gaban Kawu, ya ƙi kallon ta, ta koma, ta sake komawa, har ranar da ya ce mata ta tashi, ƙasa akwai sanyi. Yaya ma ya je shagon Injiniya ya ba da haƙuri, ya zauna ya saurari amsar har ƙarshe ba tare da ya tari numfashinsa ba, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Aka daɗe a haka, har maƙwabta suka ce magana ta mutu. Sai wata yamma aka yi sallama a ƙofar gida, doguwar sallama mai tsayawa a hanya, duk gidan aka yi shiru har ta kai ƙarshe sannan aka amsa. Injiniya ne da akwatin kayan aikinsa. Ya ce ya ji labarin akwai keken da ke tsinka zare a gidan.

Aka yi aure, kuma Auta ta dace da miji. Bai taɓa yi mata gori ba, ko da wasa. Mama da ta ce shayi zai huce, yanzu in surukinta yana magana ko tari aka yi sai ta harari mutum. Haƙuri ya yi musu rana su duka. Sai dai 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: abin da masoyi ya ba ku a ɓoye amana ce, ba a sayen yardar kowa da shi, ko da yardar uwa ce. Ana yafe laifi a zauna lafiya, amma ba duk abin da aka ɓarar ne yake kwasuwa ba.

Injiniya yana nuna wa matarsa so ta kowace hanya, amma bai sake furta waccan kalma ba, ita kuma ba ta da bakin tambaya. Shi ma Rediyo, da ya ga ba mai dariya, sai ya rage faɗa, ya koma kan ƙarar sabuwar wayar Yaya. Wata rana Auta ta zo gida, ta sami tsakar gida ba kowa. Ta tsaya a gaban kejin, ta waiga hagu da dama, ta ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa, ƙwas-ƙwas, ta kasa kunne. Akun ya kalle ta da ido ɗaya, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Ya manta.

Da Mama ta fito ta gan ta zaune a ƙasa tana kuka, ta ce, "Lafiya? Wani abu ya yi miki?"

"Ba abin da ya yi min, Mama," in ji Auta. "Ni na yi."